Mene Ne Kwalkwalin Kosfile, Kuma Yaya Ake Haɗa Shi?

Kosfile shi ne mutum ya yi shigar jarumin fim ko na wasan kwamfuta. Sunan ya samo asali daga Japan, inda ake yin taron duniya na masu wannan shiga a birnin Nagoya tun 2003. Kwalkwali, irin na Boba Fett a finafinan Star Wars, yana cikin kayan wannan shiga da suka fi cin lokaci wajen haɗawa.

Mai haɗawa yakan auna zagayen kansa, ya zana sassan a takarda, ya yanko su daga soso mai tauri da ake kira EVA. Sai ya hura musu iska mai zafi su lanƙwasa, ya manne su da gam. Daga nan ya cike tsaga, ya goge da samfefa, ya yi shafen farko don kada soson ya shanye fenti. A ƙarshe yakan ɗan goga baƙin fenti da ruwan azurfa a gefuna, kwalkwalin ya zama kamar ƙarfen da ya sha yaƙi.

Masu haɗa kayan fim da matasa masu sha'awa su ne ke wannan aiki. Dole su sa takunkumi, su zauna inda iska ke shiga, domin warin gam da ƙurar soso suna cutar da huhu. Kuma kwalkwalin na ado ne. Ba ya kare kan mai tuƙa babur.