Mayar da sifirin na kuloci a tsohuwar Peugeot 504

Kamfanin PAN na Kaduna ya harhaɗa Peugeot 504 daga 1975 zuwa 2006. Duk wanda ke riƙe da irinta a hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ko Zurmi ya san kuloci ne ke shan wahalar ramuka da lodi.

A ƙarƙashin sitiyari akwai ɗan sifirin da ke dawo da matakin kuloci sama idan direba ya ɗaga ƙafa. In ya fice, matakin ba ya komawa gaba ɗaya, sai boris ya riƙa guga, faranti ya fara sulɓi, motar ta kasa hawan tudu.

Mayar da sifirin ɗin na da wuya, domin yana da tauri kuma wurin matsattse ne. Makanikai kan lanƙwasa shi, su cusa kwabbai tsakanin zobbansa har ya ƙara tsawo, su maƙala ƙugiyoyinsa biyu. Da an taka kuloci, sai kwabban su zube. A shafa giris a maƙalan, a kuma kawar da fuska, don in ya kuɓuce daga filaya yana iya fasa ido.

Direbobi, ku daina ɗaure matakin da robar tiyub a madadin sifirin. Zafi na tsinka ta a tsakiyar daji.