Saukakke ko Hurarre? Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Asalin Littattafan Addinai

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar da Musulmi da Kirista suka tsunduma gardamar addini ya san inda maganar kan cije. Musulmi zai ce ya yi imani da Linjila, amma ba wadda ke hannun abokinsa ba, domin wannan ai Matiyu da Markus da Luka da Yahaya ne suka rubuta ta. Kirista ya riƙe baki yana mamaki, don shi ma bai taɓa musun haka ba, sunayen nasu ma ga su nan a saman shafi. Sai a raba dare ana ja-in-ja, alhali kowa da abin da yake nufi. A wurin Musulmi, Linjila littafi ne da aka saukar wa Annabi Isa (AS), kamar yadda aka ba Annabi Musa (AS) Attaura, aka ba Annabi Dawuda (AS) Zabura. A wurin Kirista kuwa, Bishara labarin Yesu ne da mutum huɗu suka rubuta, Ruhu Mai Tsarki yana yi musu jagora. Suna ɗaya ake kira, littafi mai tsarki, amma da'awar da kowace al'umma take yi wa nata ta sha bamban da ta maƙwabciyarta.

Mu fara da wanda akasarin masu karatu suka fi sani. Alƙur'ani a aƙidar Musulmi maganar Allah ce, lafazi da ma'ana. Mala'ika Jibrilu ya fara kawo wahayi a kogon Hira cikin watan Ramadan, shekarar 610 Miladiyya, aka ci gaba da saukarwa kaɗan-kaɗan har kimanin shekara 23. Annabi Muhammadu (SAW) mai isarwa ne, ba shi ya tsara kalmomin ba. Shi ya sa aikin da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi ake kiransa tarjamar ma'anonin Alƙur'ani, kuma ba wanda zai tayar da salla da shi. Harshen Larabcin yana cikin abin da aka saukar.

Sahabbai sun haddace, wasu kuma sun rubuta a fatu da ƙasusuwa da rassan dabino da fala-falan duwatsu. Bayan wafatin Annabi a 632 aka gwabza yaƙin Yamama, mahaddata da dama suka yi shahada. Sayyadina Umar ya tsorata, ya shawarci Halifa Abubakar a tattara, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin. Takardun suka zauna wurin Abubakar, suka koma hannun Umar, daga nan sai 'yarsa Nana Hafsa. Wajen shekarar 650, Huzaifa ɗan Yamani ya dawo daga fagen daga a yankin Armeniya da Azarbaijan ya shaida wa Halifa Usman cewa mutanen Sham da na Iraƙi suna saɓani kan karatu. Usman ya aro takardun Hafsa, ya sa Zaidu da Ƙuraishawa uku suka kwafe, ya aika wa manyan birane, ya ba da umarnin ƙone sauran rubuce-rubucen. Surori 114 da ke hannunmu daga nan suka fito.

Amma rubutu bai taɓa ture hadda ba. Je ka tsangaya ka ga gwani zaune a kan buzu, alƙalamin kara a hannu, yana zuba Alƙur'ani daga ka zuwa takarda, baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, ɗigon ruwan ɗorawa a wurin hamza. In ya kammala, ya tattara warƙoƙin ba ɗinki ya sa a gafaka. Ruwayar Warshu yake bi, wadda ƙasar Hausa ta gada ta hanyar Magrib, tun kafin bugun Masar da na Saudiyya su cika kasuwa da ruwayar Hafsu.

Littafin Yahudawa, Tanak, littattafai 24 ne a ƙirgensu, da Ibrananci, sai 'yan wurare da Aramiyanci. Ba duka suke daraja ɗaya ba. Biyar na farko su ne Attaura, waɗanda masu riƙo da gargajiya suka yarda Allah ne ya shibta wa Annabi Musa, sai littattafan annabawa, sai sauran rubuce-rubuce irin su Zabura. Suna kuma cewa akwai Attaura ta baka da aka riƙa miƙawa daga malami zuwa almajiri, har aka rubuta ta wajen shekarar 200 Miladiyya da sunan Mishna. Har gobe da hannu ake rubuta Attaurar da ake karantawa a majami'a, a kan naɗaɗɗiyar fata, kuma harafi ɗaya in ya kuskure ba za a yi ibada da ita ba sai an gyara. Masana tarihi na jami'o'i, tun daga ƙarni na 19, suna ganin littattafan biyar ɗin an harhaɗa su ne daga tsofaffin ruwayoyi, suka kammalu a zamanin da ya biyo bayan kwashe Yahudawa zuwa Babila a 586 kafin Miladiyya. Malaman gargajiyarsu ba su yarda ba, wasu ɓangarorin Yahudawa na zamani kuma sun karɓa.

Baibul kuwa ɗakin karatu ne a cikin bango ɗaya. Yesu bai bar rubutu ba. Mafi tsufa a Sabon Alkawari wasiƙun Bulus ne, daga wajen shekarar 50, Bisharu huɗu suka biyo baya kafin ƙarshen ƙarni na farko ko dab da shi, duka da Girkanci. An ɗauki lokaci kafin a daidaita kan waɗanda za a karɓa. Jerin littattafai 27 ɗin, daidai yadda yake yau, ya fara bayyana ne a wasiƙar Ista ta Atanasiyus, bishof na Iskandariyya, a shekarar 367. A Tsohon Alkawari ma har yanzu ba a haɗu ba: Baibul ɗin Furotesta littattafai 66 ne, na Katolika 73, Cocin Otodoks na Habasha kuma yana ƙirga 81.

Kalmar da Kirista Bahaushe yake amfani da ita ita ce hurarre. Allah ya hure marubucin, shi kuma ya rubuta da harshensa da salonsa, shi ya sa Luka bai yi kama da Yahaya ba. Wasu masana kwatanta addinai sun lura da wani abu da, a ganina, zai rage rabin gardamar majalisa: matsayin da Alƙur'ani yake da shi a wurin Musulmi ya fi kusa da matsayin Yesu kansa a wurin Kirista, tunda shi suke kira Kalmar Allah, Bisharu kuma a tsarinsu sun fi kama da sira da hadisi. Wannan ne dalilin da fassara ba ta rage wa Baibul komai a idon mabiyansa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma da shi ake sujada, ba wanda ya ce sai an koma Girkanci. Saɓanin da ya rage na gaske ne: Musulmi suna cewa an jirkita littattafan farko, ko da yake malamai sun yi magana biyu kan ko lafazin aka taɓa ko fassararsa, Yahudawa da Kiristoci kuma ba su amince an jirkita komai ba.

Da ka tsallaka Indiya sai ma'aunin ya sauya gaba ɗaya. Littattafan Beda guda huɗu ne, da harshen Sanskirit. Mafi tsufa, Rigbeda, yana da waƙoƙi 1,028, kuma masana suna kai shi tsakanin 1500 da 1200 kafin Miladiyya. Hindu suna kiransu shuruti, wato abin da aka ji. Wata tsohuwar mazhabarsu, Mimamsa, ta ce ba su da mawallafi sam, ba mutum ba, ba ma abin bauta ba, sauti ne dawwamamme da wasu bayi masu tsarkin zuciya suka jiyo. Ƙarni bayan ƙarni da ka aka riƙe su. Yaro yakan koyi baiti a jere, ya koye shi kalma-kalma, ya kuma koye shi yana gaba yana baya, don kada ko gaɓa ɗaya ta zame. Wanda ya san wahalar tilawa a gindin wutar kiskali zai gane irin wannan horo.

Mabiya Buddha ba su ce wani ya saukar da komai ba, don a koyarwarsu babu batun Mahalicci. Ƙarfin littafinsu Tipitaka, wato kwanduna uku, ya dogara ne da cewa maganar mutumin da suka yarda ya farka ya ga gaskiya ce. Almajirai suka riƙe da baki, sai a ƙarni na farko kafin Miladiyya aka rubuta a ganyen wani irin giginya a Siri Lanka.

Na mabiya addinin Sikh ya fi ba ni mamaki. Guru Arjan, jagoransu na biyar, shi ya harhaɗa littafin a 1604, ya sa har da baitocin wani sufi Musulmi, Baba Farid. A 1708 jagora na goma, Gobind Singh, ya ce daga kansa an rufe jagorancin ɗan Adam, littafin ne Guru. Da gaske kuwa suka ɗauki maganar. A birnin Amritsar, kullum dare ana rufe littafin mai shafi 1,430, a ɗauke shi cikin wata makara ta alfarma a kai shi ɗakin hutu, kafin asuba a dawo da shi bisa karaga, mutum na tsaye yana yi masa fifita. A shekarar 2000 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa a idon doka yana da matsayin mutum, yana iya mallakar dukiya. Kuma da'awar sabon littafi ba ta tsaya a zamanin da ba: a 1830 Joseph Smith ya buga Littafin Momon a Amurka, ya ce daga allunan zinariya da mala'ika ya nuna masa ya fassaro.

To, me binciken zamani zai iya cewa kan duk wannan? Yana iya auna fata da tawada. A 1947 wani makiyayi Balarabe ya ci karo da tuluna a kogon Kumran, kusa da Tekun Gishiri. A ciki har da cikakken littafin Ishaya da ya girmi kwafin da aka sani da kusan shekara dubu, kuma ya yi daidai da shi a mafi yawan wurare, da 'yan bambance-bambance. Wannan ya nuna kulawar makwafa. Bai nuna ko an yi wa Ishaya wahayi ba, kuma bai ƙaryata ba. Hujjar da kowa yake kafawa, ko gagarar Alƙur'ani ce, ko tashin Yesu, ko taron Isra'ilawa a gindin Dutsen Sina, imani ne yake karɓarta. Mai cewa kimiyya ta tabbatar da littafinsa da mai cewa ta rushe na wani, duk sun ɗora wa na'ura kayan da ba nata ba.

A 2015 Jami'ar Birmingham ta Ingila ta sanar da sakamakon gwajin wasu warƙoƙi biyu na Alƙur'ani da suka daɗe a ɗakin ajiyarta. Dabbar da aka yi amfani da fatarta ta mutu ne tsakanin 568 da 645 Miladiyya. Suna ɗauke da sassan surorin Kahfi da Maryam da Ɗaha, da tsohon rubutun Hijaz, babu wasulla, ɗigo ma kaɗan ne. Hotunansu suna nan a intanet, wanda ya yi allo ya nemo su ya gwada karantawa.