Jiyotisha: Alaƙar Ilmin Falaki da Duban Taurari da Yoga a Al'adar Hindu

Kalmar jiyotisha ta harshen Sanskirit ce, ta samo asali daga jiyotis, wato haske. A al'adar mabiya addinin Hindu na ƙasar Indiya, wannan kalma ta ƙunshi fannoni biyu waɗanda ɗalibi ya saba ganin su a rarrabe. Na farko shi ne ilmin falaki, mai lissafa tafiyar rana da wata da taurari. Na biyu kuwa shi ne duban taurari, wato ƙoƙarin karanta makomar mutum daga wannan tafiya.

Asalin fannin ba duba ba ne, ƙidayar lokaci ce. Littafi mafi daɗewa a kansa, Bedanga Jiyotisha, wanda ake jingina wa Lagadha, an tsara shi ne domin sanin ranakun da suka dace a gabatar da hadaya. Da yake wata yana kewaya sararin sama cikin kwana 27 da 'yan sa'o'i, sai aka raba hanyarsa gida 27, ana kiran kowanne nakshatara. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san manziloli 28 da malaman hisabi na ƙasar Hausa suka gada daga Larabawa. Alal misali, taurarin da Bahaushe ke kira Kaza da 'Ya'yanta, su ne Surayya a wajen Larabawa, su ne kuma Kirittika a wajen Indiyawa. Amma buruji 12 da duban ranar haihuwa sun shigo ne daga baya ta hannun Girkawa, kamar yadda sunan littafin Yabanajataka ya nuna, domin Yabana ita ce kalmarsu ta Girkawa.

Zaman falaki da duba a inuwa ɗaya bai rasa saɓani ba. Masu duba suna lissafa jikkuna 9 masu tasiri a kan ɗan Adam: rana da wata da taurari 5 masu tafiya, sai Rahu da Ketu. A tatsuniyar addini, Rahu dodo ne da ke haɗiye rana ko wata. A shekarar 499, Aryabhata ya bayyana cewa inuwar duniya ce ke rufe wata a lokacin husufi, kuma duniya ce ke juyawa, ba sama ba. Barahmagupta, duk da gwanintarsa a lissafi, ya soki masu kore Rahu a littafinsa na shekarar 628. Daga ƙarshe sai aka yi sulhu mai ban sha'awa: Rahu da Ketu suka zama sunayen wurare biyu da hanyar wata ke gitta hanyar rana, inda husufi ke aukuwa. Dodon ya tsira da sunansa, lissafi ya karɓe aikinsa.

To, ina yoga ta shigo? Tushen kalmar shi ne yuj, wato haɗawa. Saboda haka a kalandar Hindu, yoga tana nufin wani lissafi na haɗa matsayin rana da na wata, masu duba kuma suna kiran haɗuwar taurari da wannan suna. Wajibi ne ɗalibi ya kiyaye wannan, kada ya ɗauka duk inda ya ga kalmar horon jiki da zuciya ake nufi.

Alaƙar ta haƙiƙa tana cikin aƙidar karma. Mabiya Hindu sun yi imani cewa rai yana sake dawowa duniya, yana girbar abin da ya shuka a rayuwar baya. Taswirar taurarin ranar haihuwa, a ganinsu, hoton wannan girbi ce. Daga cikin gidajenta 12, na 4 da na 8 da na 12 an keɓe su ga moksha, wato kuɓuta daga maimaita haihuwa da mutuwa, wadda ita ce ƙololuwar burin mai yoga. Ke nan duba yana bayyana ɗaurin da mutum ke ciki, yoga kuma tana neman kwance shi. Har a jikin mutum an shigar da sama, domin littattafan hata yoga suna danganta hanyar numfashi ta dama da rana, ta hagu da wata.

Sai dai Patanjali, marubucin Yoga Sutira, bai ɗora tsira a kan taurari ba. A babi na 3 ya ce tattara hankali a kan wata yana ba da sanin jerin taurari, a kan tauraron arewa kuma yana ba da sanin motsinsu. Amma a wannan babin dai ya gargaɗi almajiri cewa irin waɗannan baiwa burgewa ce ga mai harkar duniya, shinge ce kuma ga mai neman samadi, wato cikakkiyar natsuwar zuciya.