Gida Mai Sassa Da Yawa, Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Zaure?

Duk wanda ya tashi a zango ya san tsarin gidan gado. Sassa ne da yawa, kowane magidanci da nasa, amma zaure ɗaya ne, kuma baƙo ba ya shiga sai ta nan. Wannan tsari ne ya faɗo mana a rai sa'ad da wata ƙungiyarmu ta nan Tamale ta shiga wani hali da ya kamata kowa ya ji.

Ƙungiyar tana da makarantar Islamiyya, da asusun marayu, da reshen matasa. Kowanne ya buɗe shafinsa na intanet ba tare da shawara da sauran ba. Shafin makarantar, wani saurayi ne ya yi rajistarsa da sunansa da lambar wayarsa. Da ya tafi neman abinci Kumasi, sai lokacin biyan kuɗin shekara ya wuce ba wanda ya sani, shafin ya mutu. Na marayu kuwa yana nan da ransa, amma lambar MoMo da ke kansa ta tsohon ma'aji ce. Sadakar bayin Allah ta yi ta tafiya can har wata uku kafin a farga. Alhamdu lillahi mutumin kirki ne, ya mayar da kuɗin cif. To, da ba mutumin kirki ba ne fa?

Kada mai karatu ya ɗauka ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ke da wannan aiki a gabansu. Ga Jami'ar UDS nan a ƙofar gidanmu. An kafa ta a 1992, zamanin mulkin Rawlings, ta fara karatu a Nyankpala a 1993, daga baya ta bazu zuwa Navrongo da Wa. Jami'a irin wannan tana bukatar wurin ɗaukar ɗalibai, da na ɗakin karatu, da na duba sakamako, ga tsangayoyi kowace da labarinta. Abin da ke ɗaure su shi ne suna guda, wato uds.edu.gh. A 2019 majalisar dokoki ta zartar da dokokin da suka mai da harabar Wa da ta Navrongo jami'o'i masu cin gashin kansu, don haka kowace ta fita da nata adireshin. Darasin a nan shi ne, sashe ba ya fasa tasa ƙofar sai ya zama gida mai zaman kansa.

Ita ma gwamnati hanyar da ta bi ke nan. Gana ta sami cikakkiyar hanyar intanet a 1995, ta hannun kamfanin NCS na Farfesa Nii Quaynor. Da shafukan ma'aikatu suka yawaita, sai aka yi dokar kafa hukumar NITA a 2008, ita ce ke kula da adireshin da ke ƙarewa da gov.gh. A 2021 kuma aka ƙaddamar da Ghana.gov domin mutum ya biya kuɗin ayyukan gwamnati iri-iri a wuri guda. A Ingila ma, a 2012 ne aka buɗe GOV.UK, aka yi ta tattara shafukan ma'aikatu a cikinsa, saboda an lura talaka bai damu da wane ofishi ne ke da alhakin bukatarsa ba, shi dai a biya masa ita.

To, mu da ba mu da kuɗin jami'a balle na gwamnati, yaya za mu yi?

Da farko, a yi rajistar suna ɗaya tak, da sunan ƙungiya da adireshin imel nata. Sunan shafi haya ne, ana sabunta shi duk shekara, ba gado ba ne. A rubuta ranar biyan a littafin ma'aji kamar yadda ake rubuta kuɗin wuta da na ruwa. Makaranta da asusu da matasa sai su rataya a jikin wannan suna, ba sai an sayi wani ba.

Na biyu, a gina su duka a kan manhaja ɗaya. Tun 2010 manhajar WordPress, wadda kyauta ce, ta ba da damar a tafiyar da shafuka da yawa daga wuri guda. In an gyara ɓaraka sau ɗaya, duk sun gyaru. Kuɗin ajiyar shafukan ma ya zama ɗaya.

Na uku, maganar mabuɗi. Babbar kalmar sirri ta zauna a hannun mutum biyu amintattu, a kuma ajiye kwafinta a rufe wurin shugaba. Kowane sashe a ba wakilinsa ƙaramin mabuɗi da zai buɗe ɗakinsa kawai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ranar da mutum ya sauka daga muƙami, ranar za a karɓe mabuɗinsa, ba don zargi ba, sai don tsari.

Na huɗu, abin da ya shafi kowa, kamar lambar waya da lambar karɓar kuɗi da ranakun buɗe makaranta, a rubuta shi wuri ɗaya, sauran shafuka su riƙa nunawa can. Mu malaman makaranta mun san abin da ke faruwa in aka aika wa iyaye takarda biyu masu rana daban-daban.

Na biyar, a duba komai a ƙarshen kowane zangon karatu. Shafin da ya shekara ba a taɓa shi ba, a rufe shi, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuma ana rubutu da Hausa da Turanci da Dagbanci, a sabunta su rana ɗaya, kada mai karanta Hausa ya zama shi ne kullum na ƙarshen jin labari.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Kano zuwa Salaga, kowane falke da kayansa da jakunansa, amma madugu ɗaya ne ke gaban ayari. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na Tamale da Yendi da Salaga da sauran zanguna, a taro na gaba su yi tambaya guda: shafukanmu nawa ne, kuma da sunan wa aka yi rajistarsu? In ɗakin taro ya yi tsit, to aiki ya samu. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.