Solomon Lange da waƙoƙin da yara ke rerawa a coci

Solomon Lange mawaƙin bishara ne ɗan Ƙaramar Hukumar Sanga ta Jihar Kaduna, mazaunin Abuja. Ba don yara kaɗai yake waƙa ba, amma waƙoƙinsa irin su “Na Gode”, “Yabo” da “Mai Taimako Na” suna saurin zama a bakin yaro. Hausarsu sassauƙa ce, amshinsu gajere ne, kiɗan kuma yana sa rawa. A unguwannin Abuja kamar Karu da Nyanya, inda Gbagyi da Bajju da Berom ke ibada tare, Hausa ce ke haɗa su, kodayake Turanci ya fi yawa a bakin ’ya’yansu. Don haka, malaman makarantar Lahadi, ku riƙa bayyana wa yaran ma’anar abin da suke rerawa.