Gida Ɗaya, Alƙalami Biyu: 'Ya'yan Alƙalin Kagara

 Yau za mu leƙa wani gida a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, mu ga yadda tarbiyyar gida take bin marubuci har cikin littafinsa.

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka yi fice: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Biyu daga cikinsu wa da ƙane ne suka rubuta: Malam Bello Kagara mai Ganɗoki, da Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja. Mahaifinsu, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali. A gidan da ake karatun allo da na littattafai, ake kuma sauraron ƙara da yanke hukunci, suka buɗe ido.

To amma zamani ya raba su. An haifi Bello a 1890, yana yaro Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Ya taso cikin mutanen da suka ga faɗuwar garuruwa da idonsu. Shi ya sa jaruminsa Ganɗoki mayaƙi ne mai kirari, wanda ya ja daga da Nasara, sannan ya nausa duniyar aljannu yana yaƙi don ɗaukaka addini. A wurin Bello, mutuncin namiji yana ga tsayawa kan imaninsa ko da an fi ƙarfinsa.

Shi kuwa Imam, a 1911 aka haife shi, bayan ƙura ta lafa. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya ga cewa fagen fama ya koma kan ilimi da iya magana. Ku duba abin da ya fitar da jaruminsa, Alhaji Imam, daga gida a Ruwan Bagaja. Ba neman dukiya ba ne. Sarki ne ya kunyata Liman, uban riƙonsa, a gaban fadawa, saboda ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki. Yaron ya shiga duniya don ya wanke malamin gidansu daga wannan wulaƙanci. Ɗan malami ne kaɗai zai ji zafin abin har ya gina littafi sukutum a kansa. Kuma makaminsa a tafiyar, musamman a karonsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, dabara ce da kaifin baki.

Wannan gado ya fi bayyana a Magana Jari Ce. Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa, Indiya da Turai, amma duk sai da ya sa musu riga da rawani. Akwai fada, akwai waziri, akwai alƙali da masu ƙara, akwai wawan da wautarsa ta kai shi ta baro. A cikin littafin, wani aku ya hana ɗan sarki Musa fita zuwa halaka da labari kawai, har ya zama waziri. A littafi na uku kuma ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar, kamar yadda malami yake zaunar da ɗansa a zaure. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji Hausawa.

Masu saurare, darasin a nan babba ne. Gida ba ya zaɓa wa yaro zamanin da zai rayu a ciki, amma shi yake ba shi ma'aunin da zai auna zamanin: mene ne abin kunya, wa ya cancanci girma, me ya kai a sha wuya dominsa. Bello ya zama Walin Katsina, Imam ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kowa da hanyarsa, amma ma'auninsu ɗaya.

Saboda haka iyaye, marubutan gobe suna zaune a tsakar gidajenku yau, suna jin yadda kuke magana a kan maƙwabci, malami da talaka. Ku ba su tatsuniya, ku ba su tarihin kakanninsu, ku sa musu littafi a hannu.