Idan Jami'ar Amurka Ta Ce a Dakata Tukuna

A tsakiyar watan Disamba ne yawancin manyan jami'o'in Amurka ke ba da amsa ga ɗaliban da suka nemi gurbi da wuri, wato waɗanda suka miƙa takardunsu kafin 1 ko 15 ga Nuwamba. Amsar ba ta wuce uku: an ɗauke ka, ba a ɗauke ka ba, ko an ɗage hukunci. Ta ukun nan ce ke jefa yara da iyayensu cikin ruɗani, har da ɗaliban Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka tura ɗalibai Amurka. Abin da take nufi shi ne an haɗe takardun ɗalibi da na sauran masu nema, za a sake dubawa, sakamako kuma sai ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Nauyinta ma ba ɗaya ba ne a ko'ina. Harvard ta saba ɗage hukuncin akasarin masu neman wuri, ita kuwa Stanford kaɗan take ɗagewa ta sallami akasarin sauran. Don haka ra'ayina shi ne ɗalibi ya ba jami'ar da ta dakatar da shi haƙƙinta daidai gwargwado, ya karkatar da mafi yawan ƙarfinsa ga sauran.

Haƙƙin nata ba shi da yawa. Ya karanta wasiƙar da kyau ya bi umarninta, domin wasu jami'o'in sukan ce kada a ƙara aiko komai, wasu kuma, irin su MIT, suna da fom na musamman da ake cikewa a Fabrairu. Inda aka yarda, ya rubuta gajeriyar wasiƙa guda ya tabbatar har yanzu yana so, ya faɗi sabon abin da ya samu tun Nuwamba, kamar kyautar gasa ko ƙarin maki a jarrabawa. Ya kuma bi makarantarsa ta aika sakamakon tsakiyar shekara a kan lokaci, domin a nan ake ganin ko yaro ya dage ko ya saki jiki. Wani zai ce ai yawan aike da ƙarin wasiƙun malamai ne ke nuna ƙauna. Amma jami'in da ke da tarin takardu a gabansa sabuwar hujja yake nema, maimaici kuwa gajiyar da shi kawai yake yi, balle ga wanda aka hana ya ƙi hanuwa.

Babban haɗarin yana wani wajen. Wa'adin neman gurbi na gama-gari a jami'o'i da dama yana cika ne daga 1 zuwa 15 ga Janairu, wato mako biyu zuwa huɗu bayan amsar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yaron da ya kwashe kwanakin nan yana jimami zai ƙare da rubutun gaggawa ga jami'o'in da suka fi yiwuwar ɗaukarsa. Ga mai neman tallafin kuɗi abin ya fi tsanani, tunda kowace jami'a da nata wa'adin takardun tallafi.

Akwai masu ganin neman wani wurin tamkar karya alƙawari ne. Ba haka ba ne. Ko da ɗalibi ya bi tsarin da ke ɗaure shi da sharaɗin zuwa in an ɗauke shi, ɗage hukuncin ya warware wannan ɗaurin. Yana ma iya shiga zagaye na biyu na irin wannan tsari, wanda jami'o'i kamar Chicago da Emory da Vanderbilt ke rufewa a farkon Janairu. Sai dai a nan ina kira ga iyaye su zauna da ɗansu su yi lissafi sosai, domin idan aka ɗauke shi a can, dole ya janye takardunsa daga ko'ina, har da jami'ar da yake jira, kuma ba zai samu damar kwatanta tallafin da wasu za su ba shi ba kafin 1 ga Mayu, ranar da ɗalibai ke tabbatar da jami'ar da za su je.